Waiwaye: Yadda Masana Suka Rarraba Kalmomin Hali a Japananci

Tushen aikin daga Amurka yake. A 1936 masana halayyar ɗan Adam Allport da Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum daga ƙamusun Turanci, bisa tunanin cewa duk halin da ya shafi zaman jama'a sai an raɗa masa suna. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tankaɗe da rairaya har kalmomin suka koma gida biyar: son shiga mutane, kirki, riƙon aiki, yawan damuwa, da karɓar sabon abu.

A Japan, Aoki Takayoshi ya zaɓi kalmomi 455 a 1971, ya kasa su, ya sa aka auna wane hali ake so, wanne ake ƙi. A 1996 wata masaniya mai suna Wada ta fitar da ma'auni mai kalmomi 60, kowane gida 12, amma jerin da ta faro da shi fassara ce daga Turanci. Nan gizo ke saƙar, domin kalmomin da aka fassaro suna zuwa da tsarinsu na asali. Shi ya sa aikin Murakami Yoshihiro na 2002 da 2003 ya fi gamsarwa: ƙamusun Kojien ya shiga ya tattaro kalmomin Japanawa na kansu. Shi ma gida biyar ya samu.

Ga yadda ake yi. Ana ba ɗaruruwan mutane jerin, kowa ya nuna gwargwadon yadda kowace kalma ta dace da shi, sannan lissafi ya haɗa waɗanda amsoshinsu ke tafiya tare. Akarui, mai fara'a, takan faɗa gidan son shiga mutane. Majime, mai ɗaukar abu da gaske, ta tafi gidan riƙon aiki. Matsala ita ce kowa na son yabon kansa, don haka in ba a tace ba, kalmomin yabo sai su taru gefe guda, na zargi gefe guda. Ga kuma yawan dogaro da ɗaliban jami'a.

Wasu kalmomin ba sa zama wuri ɗaya. Sunao ta haɗa biyayya, tsarkin zuciya da karɓar gyara ba gardama, kuma yabo ce ko ga babba. Gida na biyar, wato karɓar sabon abu, ya fi kowanne rawa: a ma'aunin Tsuji Heijiro da abokan aikinsa an kira shi yugisei, son wasa, aka sa tsayawa kan zahiri a matsayin kishiyarsa.