Post-grunge: kiɗan rok da ya gaji grunge

Post-grunge salo ne na kiɗan rok da ya taso a tsakiyar shekarun 1990, ya yi ƙarfi a gidajen rediyon Amurka da Kanada har zuwa ƙarshen shekarun 2000. Ma'anar sunan ita ce abin da ya biyo bayan grunge, ita kuwa kalmar grunge a Turanci dauɗa take nufi. Masu sharhin kiɗa ne suka fara laƙaba sunan ga wasu ƙungiyoyin mawaƙa da suke ganin kwaikwayon manyan ƙungiyoyin grunge, Nirvana da Pearl Jam, kawai suke yi don neman kasuwa. Da raini aka raɗa shi, daga baya ya zama sunan da kowa yake kiran salon da shi.

Asali

Grunge a birnin Seattle na jihar Washington ya tsiro a ƙarshen shekarun 1980, a hannun matasa masu wasa a ƙananan gidajen rawa, wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Sub Pop yana buga musu waƙoƙi. Kiɗa ne mai ƙara da kaushi, kalamansa cike da ɓacin rai da ƙosawa da duniya. A watan Satumban 1991 Nirvana ta fitar da kundin Nevermind, kafin tsakiyar Janairun 1992 ya ture kundin Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin cinikin faifai na mujallar Billboard. Manyan kamfanonin faifai suka farga cewa akwai kuɗi a nan, suka bazama neman duk wanda muryarsa da jitarsa suka yi kama da na 'yan Seattle.

Su kuma 'yan Seattle ɗin ba su ji daɗin ɗaukakar ba. Kurt Cobain, jagoran Nirvana, ya rasu a watan Afrilun 1994 yana da shekara 27. Pearl Jam ta daina yin bidiyon waƙa na wasu shekaru, ta shiga taƙaddama da kamfanin Ticketmaster kan kuɗin tikiti. Soundgarden ta watse a 1997. Alice in Chains ta rage fitowa saboda halin da mawaƙinta Layne Staley ya shiga, har ya rasu a 2002. Masu sauraro suna nan da ƙishirwarsu, waɗanda suka saba shayar da su sun ja da baya. Wannan giɓin post-grunge ya cike.

Yadda kiɗan yake

Kayan aikin ba su da yawa: jitar lantarki ɗaya ko biyu, jita mai kaurin murya, ganguna, da mawaƙi. Makaɗa da yawa sukan sassauta tsirkiyar da ta fi kauri a jikin jita, su saukar da sautinta mataki ɗaya. Da haka yatsa guda ya isa ya danne tsirkiya uku a tare, sautin ya fito da nauyi. Baiti yakan fara a hankali, jita tana fita tas, mawaƙi yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai faɗa wa aboki damuwarsa. Da an iso amshi sai makaɗi ya taka na'urar da ke gaban ƙafarsa, jita ta ɓarke da ruri, mai ganga ya sauke hannu, mawaƙi ya buɗe maƙogwaro. Nirvana ma ta yi amfani da wannan hawa da sauka, amma a post-grunge an goge kaushin, an daidaita komai a ɗakin ɗaukar sauti yadda zai shiga kunne ta rediyon mota.

Babban bambancin yana cikin kalamai. Cobain yakan yi waƙa a dunƙule, mai sauraro ya yi ta lalubo ma'ana. Mawaƙin post-grunge kai tsaye yake faɗin abin da ke ransa: rabuwa da masoyiya, nadama, shaye-shaye da ƙoƙarin dainawa, uba da ɗa, wani lokaci neman Ubangiji. Scott Stapp, mawaƙin ƙungiyar Creed, ya rubuta With Arms Wide Open ne lokacin da ya ji zai zama uba. Wannan fito-na-fito da zuciya shi ne abin da masu sharhi suka fi rainawa, kuma shi ne abin da ya riƙe masu sauraro.

Rukuni biyu

Rukunin farko ya fito tun grunge bai gama faɗuwa ba. Akwai Candlebox daga Seattle ɗin kanta, Collective Soul daga jihar Georgia, da Live daga Pennsylvania. Bush 'yan Landan ne, amma kundinsu Sixteen Stone na 1994 a Amurka ya yi kasuwa fiye da gida. Silverchair kuwa yara ne 'yan shekara 15 daga Ostireliya lokacin da suka fitar da kundinsu na farko a 1995. A wannan shekara Dave Grohl, mai gangar Nirvana, ya fitar da kundin farko na sabuwar ƙungiyarsa Foo Fighters, wanda shi kaɗai ya kaɗa kusan dukkan kayan kiɗan da ke cikinsa.

Rukuni na biyu shi ya kai salon ƙololuwa, kuma mafi yawansu daga nesa da Seattle suka fito. Creed daga Tallahassee ta jihar Florida take, kundinta Human Clay na 1999 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka, waƙar With Arms Wide Open kuma ta ci kyautar Grammy a 2001. 3 Doors Down daga wani ƙaramin gari a Mississippi suka fito. Nickelback daga Hanna, ƙaramin gari a lardin Alberta na Kanada, waƙarsu How You Remind Me ita ce ta ɗaya a jadawalin Billboard na ƙarshen shekarar 2002. Bayansu sai Staind, Puddle of Mudd, Shinedown, Three Days Grace, da Seether da ta taso daga Afirka ta Kudu.

Rediyo ta taka rawa sosai a wannan bunƙasa. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin Amurka, cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara sama da tasha 1,000. Idan mutane kaɗan ne ke zaɓar waƙa ga tashoshi masu yawa, waƙar da za su ɗauka ita ce wadda ba za ta sa a murɗa zuwa wata tasha ba. Post-grunge ya dace da wannan buƙata: yana da ƙarar da mai son rok yake nema, yana da amshin da za a iya riƙewa tun ji na farko.

Suka da ja baya

Zargin da aka fi yi masa shi ne waƙoƙin duk kamarsu ɗaya, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙungiyoyi da yawa sun riƙe tsari guda sun yi ta maimaitawa har kunne ya gaji. Amma sukar ta wuce kiɗa ta koma wulaƙanci. Nickelback ta zama abin zolaya a intanet, har a 2011 dubban mutane suka sa hannu a takardar neman a hana ta wasa lokacin hutun rabin lokaci na wasan ƙwallon Amurka a Detroit. Ta yi wasan duk da haka. Wani ɓangare na wannan raini bai rasa nasaba da su wane ne masoyan: ma'aikata da mutanen ƙananan garuruwa, waɗanda ba su ne ke rubutu a mujallun kiɗa ba.

Tun 2001 ƙungiyoyi irin su The Strokes da The White Stripes suka janye hankalin masu sharhi. Creed ta watse a 2004. Cinikin faifai ya karye bayan zuwan sauke waƙa ta intanet, sauraro ya koma waya. A 2017 ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna hip-hop da R&B sun zarce rok a matsayin kiɗan da aka fi saurare a Amurka, karo na farko.

Zai ɗore ko zai shuɗe

Amsar ta danganta da ma'aunin da aka ɗauka. Idan babban jadawalin waƙoƙi ne, zamanin post-grunge ya wuce, kuma da wuya ya dawo, domin rediyo da faifan da suka ɗaga shi ba su da ƙarfin da suke da shi a da. Idan kuwa filin wasa ne da tashoshin da suka keɓanta da rok, salon yana nan da ransa. Shinedown da Three Days Grace suna cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa yawan waƙoƙin da suka kai matsayi na ɗaya a jadawalin rediyon rok na Billboard. An shigar da Foo Fighters zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2021, Nickelback kuma ta shiga irinsa na Kanada a 2023.

A 2023 ɗin ce 'yan wasan besbol na Texas Rangers suka riƙa kunna waƙoƙin Creed a ɗakin sauya kaya. Labari ya fita, aka fara sa waƙar Higher a filinsu, dubban 'yan kallo suka miƙe suna rera amshin da murya ɗaya, ciki har da matasan da ba a haifa ba lokacin da waƙar ta fito. Texas Rangers ta ci World Series, babban kofin besbol na Amurka, karo na farko a tarihinta, Creed kuma ta sake haɗuwa ta zagaya Amurka a 2024 tana cika manyan filaye. Waƙar da aka gina don jama'a su amsa ba ta buƙatar yardar mai sharhi kafin ta yi aikinta.

Rauninsa na gaskiya yana wajen magada. Kusan duk waɗanda ke riƙe da salon a yau sun fara ne kafin 2005, kuma mawaƙansu da dama sun haura shekara 45. Matasan da ke ɗaukar jita yanzu sun fi komawa ga Nirvana da sauran 'yan Seattle kai tsaye. Wasu siffofin salon kuma, irin su jita mai nauyi da murya mai kauri da labarin ƙaramin gari, sun ƙaura zuwa kiɗan country na birnin Nashville, inda ake jin su a waƙoƙin mawaƙa irin su Jason Aldean da Hardy.