Waiwaye: ɗan cif ɗin da ke cikin rigarka da rigimar da ya tayar tun 2003

In kana da riga ko wandon motsa jiki ɗan waje, ko sabo ka saya ko a gwanjon Ƙofar Wambai ka tsinto shi, ka gwada juya shi ka kamo dogon ƙyallen nan na ciki mai rubutun yadda ake wanki, ka haska shi da fitilar waya. Wani lokacin za ka ga wani siririn zane kamar na azurfa ya yi lanƙwashe-lanƙwashe, a tsakiyarsa ɗan ɗigo bai kai ƙwayar gero ba. To shi ne RFID, zanen eriya ce, ɗigon kuma cif ne. Ba shi da batir, kwance yake kamar matacce har sai wata na'ura ta turo masa igiyar rediyo, eriyar ta tsotsi ƴar wutar da ke ciki, cif ɗin ya farka ya faɗi lambarsa ya koma barci. Daga nisan ƴan mitoci ake jin sa, ta cikin kwali ko jaka, ba sai an gan shi ba kuma kai ba za ka san an karanta ba.

Layi-layin nan baƙi da fari da kashiya ke haskawa, wanda aka fara amfani da shi a wani kanti a jihar Ohio a 1974 kan fakitin cingam, shi iri kawai yake faɗa, duk sabulun kamfani ɗaya girma ɗaya lambarsu ɗaya. Shi kuwa wannan kowane sabulu da tasa lambar, kamar lambar mota. Duk rigimar daga nan ta samo asali.

Waɗanda suka kawo shi kasuwa ba leƙen asiri ne ya dame su ba, gaskiya dai a faɗe ta. Wani ma'aikacin kamfanin kayan masarufi na Procter & Gamble (P&G) mai suna Kevin Ashton ne ya lura akwai wani kalar jan-baki da kullum babu shi a kan kanta alhali yana nan jibge a sito, ba wanda ya san ya ƙare a gaba. A 1999 aka buɗe cibiyar Auto-ID a jami'ar MIT da kuɗin su P&G da Gillette, burinsu cif ɗin ya yi arha har a iya manna shi a jikin komai. A shekarar kuma wata mata Katherine Albrecht ta kafa ƙungiyar CASPIAN, ita lokacin katin rangwamen manyan kantuna take yaƙa, wanda ake ba ka ɗan ragi a madadin su rubuta duk abin da ka saya. Ba a jima ba hanyoyinsu suka haɗu.

2003 ce shekarar da komai ya dagule. A Janairu Gillette ta yi odar cif miliyan 500. A Maris aka sanar kamfanin tufafi na Italiya Benetton za ta sa shi a tufafinta na Sisley, CASPIAN ta ce a ƙaurace wa kayansu, cikin ƴan makonni Benetton ta ja da baya ta ce ai nazari kawai take yi. Sai na kantin Tesco a garin Kambirij na Ingila, wanda ni a ganina shi ya fi ɓata wa fasahar suna, sun sa cif a fakitin rezar Gillette Mach3 saboda ɓarayi sun addabe ta, suka haɗa kantar da kyamara, kana ɗaukar fakiti ta ƙyasta maka hoto, wai in ka fita ba ka biya ba ga fuskarka. Wato mutum ya zo da kuɗinsa zai sayi abin aski an riga an ɗauke shi ɓarawo har sai ya biya. Mutane suka yi cincirindo da kwalaye a ƙofar kantin.

Ba a gama da wannan ba jaridar Chicago Sun-Times ta tono a Nuwamba cewa wani reshen babban kantin Amurka Walmart a Broken Arrow, jihar Oklahoma, ya shafe watanni yana sayar da jan-bakin Lipfinity mai cif a cikin kwalinsa, ga kyamara tana kallon kantar, ma'aikatan P&G suna iya gani daga can Cincinnati. Kamfanin ya ce kayan yake kallo ba mata ba, to amma ai matan ne ke ɗaukar kayan. Kafin nan ma a Yuli ƴan CASPIAN sun ci karo da takardun sirri a shafin Auto-ID ɗin kansa, an bar su a buɗe, ciki har da shawarwarin kamfanin tallata suna kan yadda za a lallashi jama'a su yi shiru. Masu cewa a yarda da su kan bayanan mutane sun kasa kulle nasu, ka ji fa. Wata sanatar jihar Kalifoniya Debra Bowen ta tambaya a zaman majalisa, wai ya za ka ji in wata rana ka gane ɗan kamfan da ke jikinka ne ke ba da rahoton inda kake.

A Jamus kuwa kamfanin Metro ya buɗe kantin gwaji a Rheinberg, a farkon 2004 Albrecht da ƙungiyar kare sirrin jama'a ta Jamus FoeBuD suka gano an dasa cif a cikin katin rangwamen kwastomomi ba a gaya musu ba, hoton asibiti suka ɗauki katin suka ga eriyar ƙuru-ƙuru. Wannan ya fi na reza muni don kati yana ɗauke da sunanka kuma a aljihunka yake kwana. Metro ta janye katunan, kusan 10,000.

Daga nan kamfanoni suka fara gyara zama. EPCglobal, ƙungiyar da ta gaji Auto-ID wajen tsara ƙa'idojin cif ɗin, ta fitar da ƙa'idoji, a sa alama a jikin kaya, a gaya wa mai saye yadda zai cire ko ya kashe cif ɗin, a kula da bayanan da aka tara. Sabon tsarin cif ɗin da ta fitar, Gen 2 na Disamba 2004, ya zo da umarnin kashewa mai lambar sirri, in aka tura masa ya mutu har abada. IBM ta yi wani da za ka yage rabin eriyarsa da hannu, sai an matso dab sannan a karanta. Duk da kyau, sai dai duk wannan na ganin dama ne, ba wanda za a kama in bai bi ba, kuma ɗan kasuwa ba ya son kashe cif ɗin don yana masa amfani in an dawo da kaya. Ƙudurin da sanata Bowen ta kawo kan cif ɗin ma bai zama doka ba. Turai ta ɗan fi matsawa, a Mayu 2009 Hukumar Tarayyar Turai ta ce a kashe ko a cire shi wajen biyan kuɗi, kyauta, sai in mai saye ne da bakinsa ya ce a bar masa, a 2011 aka sa hannu kan tsarin auna haɗarin kafin a fara amfani. Amma ita ma shawara ce ba doka ba, kuma ta bar ƙofa, in kantin ya yi nasa binciken ya ce ba haɗari to shikenan. Haƙoran gaske sai da GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, ta fara aiki a 2018.

Abin tsoron da aka yi ta zuzutawa, wai wani zai bi titi da na'ura yana karanta kayan jikin mutane, bai zama ruwan dare ba, kuma wayar da ke hannunmu ta riga ta fi kowane cif surutu, shi ya sa hayaniyar ta mutu. Amma inda masu ƙorafin suka yi gaskiya yana nan, lambar ita kaɗai ba komai ba ce, ranar da ka biya da katin banki aka haɗa lambar takalmin da sunanka a kwamfutar kanti, to duk ƙofar da ke da na'ura ka wuce da takalmin nan za a iya sanin kai ne.

Ana cikin shirun kuma cif ɗin ya ci kasuwa. Walmart ta sa shi a wandon jins da kamfai na maza a 2010, a takardar da ake tsinkewa, a 2022 ta faɗaɗa zuwa kayan gida da na wasan yara da na lantarki. A kantunan Uniqlo da Decathlon zuba kaya kawai kake a wani kwando kuɗinka ya fito. Kantin tufafi na Zara da can a cikin robar ƙararrawar nan ta hana sata da ake maƙala wa kaya take sa shi, kashiya ta cire a sake amfani da shi, amma a 2023 kamfaninsu Inditex ya ce zai koma wanda ake haɗawa da tufar kanta, daidai abin da aka yi wa Benetton ca a kansa shekara 20 baya, wannan karon ba wani tashin ƙura. Kuma irin kayan nan ne in an gaji da su a Turai ake ɗaure su dila-dila a turo mana, tunda ba batir gare shi ba, in wanki da guga ba su karya eriyar ba yana iya isowa Kano da ransa, yana riƙe da lambar da aka ba shi a masana'anta. In a ƙyallen wankin yake dai almakashi ya isa.