Dokar VAPP da Shari'ar Fyaɗe: Abin da Ke Rubuce da Inda Ƙara Ke Lalacewa

A ranar 25 ga Mayu 2015, saura kwana huɗu ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Dokar ta taɓo abubuwa da yawa: dukan mata a gidan aure, kaciyar mata, wulaƙanta matar da mijinta ya rasu, watsa wa mutum ruwan batir, korar iyali daga gida. Amma sashenta na 1, wanda ya yi magana kan fyaɗe, shi ne ya fi sauya yadda ake shari'a, kuma shi za mu fi tsayawa a kai.

Kafin komai, a san cewa dokar da Jonathan ya sa wa hannu ta Abuja ce kawai, kuma hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, NAPTIP, aka ɗora wa kula da ita a can. Laifuka irin wannan hurumin jihohi ne, saboda haka sai majalisar kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018. Wasu jihohin sai da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yuni 2020 sannan suka motsa. Kowace majalisa kuma ta yi wa dokar gyaran fuska, wata ta ƙara hukunci, wata ta cire sashen da bai yi mata ba. Lambobin sashe da shekarun ɗauri da za a gani a nan na dokar Abuja ne; wanda abin ya faru a jiharsa ya nemi kwafin ta jiharsa a ma'aikatar shari'a.

A jiha guda ta Arewa ana iya samun dokoki huɗu a kan laifi ɗaya: Final Kod (kundin dokokin laifuka na Arewa), dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci, dokar kare yara, da VAPP. Mai gabatar da ƙara ne ke zaɓen wadda zai tuhumi mutum da ita, kuma zaɓinsa ne ke nuna kotun da za a je, irin shaidar da za a nema, da nauyin hukunci. Iyalin da abin ya shafa suna da damar tambaya: da wace doka aka yi tuhumar, kuma wane sashe?

Me doka ke kira fyaɗe

A tsohuwar Final Kod da ta fara aiki a 1960, sashe na 282, namiji ne kaɗai ke yin fyaɗe, kuma mace kaɗai ake yi wa. Idan yaro namiji aka yi wa, sai a koma sashe na 284 na luwaɗi, mai ɗaurin da bai wuce shekara 14 ba. Idan da yatsa ko wani abu aka yi wa yarinya ta'asa, sau da yawa tuhumar kan sauko zuwa aikata alfasha a sashe na 285, shekara 7 iyaka, ko da kuwa raunin ya kai ga ɗinki.

VAPP ta toshe wannan ƙofar. A wurinta, duk wanda da gangan ya shigar da wani sashe na jikinsa, ko wani abu daban, cikin farji ko dubura ko bakin wani ba da yardarsa ba, ya yi fyaɗe. Namiji ko mace na iya zama mai laifi, namiji ko mace na iya zama wanda aka zalunta. Almajirin da wani babba ya ja shi kango, da yarinyar da ke tallar gyaɗa aka kira ta shago, matsayinsu ɗaya a gaban wannan sashe.

Sai batun yarda. Ba kowane "to" ne doka ta ɗauka a matsayin yarda ba. Wadda aka samu da ƙarfi, ko barazana, ko tsoratarwa, ba yarda ba ce. Haka wadda aka samu da yaudara a kan ainihin abin da za a yi, kamar boka ko mai magani da zai ce wa mace wannan shi ne maganin. Haka idan an ba ta ƙwaya ko an zuba mata wani abu a lemo hankalinta ya gushe, ko wani ya shigo wa matar aure a matsayin mijinta.

Yaro kuwa ba shi da yardar da zai bayar. Final Kod ta sa iyakar a ƙasa da shekara 14. Dokar 'yancin yara ta 2003 ta kai ta 18: sashe na 31 ya ce saduwa da yaro fyaɗe ne, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai, kuma ba hujja ba ce mutum ya ce ya zaci ta girma, ko ita ta kawo kanta. VAPP ba ta yanka shekarun yarda ba, shi ya sa a shari'ar yara gogaggen lauyan gwamnati kan haɗa ta da dokar yara ta jihar.

Tsakanin miji da mata, Final Kod ta faɗa ƙarara cewa ba a kiran abin fyaɗe matuƙar matar ta balaga. VAPP ba ta ambaci miji ba, ba ta kuma ware shi ba, lauyoyi sun rabu a kan fassarar wannan shirun. Abin da babu jayayya a kai shi ne duka: sashe na 19 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira 200,000, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa.

Hukunci

Asalin hukuncin ɗaurin rai-da-rai ne. Idan alƙali zai sassauta, ba zai sauko ƙasa da shekara 12 ba, kuma babu zaɓin tara. Wannan mafi ƙarancin hukuncin shi ne sabon abu, domin Final Kod cewa ta yi rai-da-rai "ko ƙasa da haka", kuma ta wannan kafar ce ake ganin an yanke wa mutum 'yan shekaru ya fito. Fyaɗen taron dangi shekara 20 ne mafi ƙaranci. Mai laifin da bai kai shekara 14 ba, ba a wuce masa 14. Kotu za ta kuma yanka wa wanda aka zalunta diyya, sannan a sa sunan mai laifin a rajistar masu laifin lalata, wadda NAPTIP ta ƙaddamar a Nuwamba 2019 kuma jama'a na iya dubawa. Makarantar da za ta ɗauki malami ko mai gadi ya kamata ta leƙa.

Kaduna ta zarce haka. A Satumba 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dandaƙa da ɗaurin rai-da-rai idan ya haura 14. Jama'a sun yi murna. Sai dai tsananin hukunci yana da nasa farashin: mai laifin sau da yawa kawu ne, ko maƙwabci, ko mijin uwa, kuma dangin da suka san kisa ke jiransa sun fi matsa wa uwar yarinya ta yi shiru. A kotunan Shari'a kuma, dokokin da jihohi suka yi daga shekarar 2000 sun ba fyaɗe hukuncin haddin zina, tare da biyan sadakin misli, amma haddi ba ya tabbata sai da iƙirari ko shaidu huɗu, abin da da wuya a samu a laifin da ake yi a ɓoye.

Kwana ukun farko

A nan ne ƙara ke ginuwa ko ta rushe. Abin da uwa kan fara yi, cikin tausayi, shi ne ta dafa ruwa ta gasa 'yarta, ta wanke kayan da ke jikinta. Da wannan an tafi da maniyyi, jini, gashi da duk abin da likita zai ɗauka. A daure, kada a yi wanka, kada a yi tsarki da sabulu, kada a wanke baki idan abin ya shafi baki. Kayan da ke jiki, har kamfai da zanen gado, a sa su a ambulan ko a naɗe a takarda mai tsabta, kowanne daban. Ban da leda, domin tana riƙe danshi ta lalata shaidar. Idan an riga an yi wankan, a je asibiti duk da haka.

Asibiti ne farko, ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Maganin kariya daga ƙanjamau, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, kuma a sha kwana 28 ba fashi. Yana sa tashin zuciya da kasala, shi ya sa wasu ke yankewa a tsakiya, wanda kuskure ne. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma gwargwadon saurin shansa gwargwadon ƙarfinsa. Akwai kuma maganin cututtukan sanyi, rigakafin ciwon hanta, da allurar sarƙewar haƙora idan akwai rauni. Cibiyoyin da aka keɓe don wannan suna yin duka a wuri ɗaya kyauta: Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, Salama a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri a Kaduna, Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, Mirabel a Ikeja ta Legas.

Rahoton likita yana faɗin abin da ya gani ne, ba ya yanke cewa an yi fyaɗe. Wannan aikin alƙali ne. Rashin rauni ba ya nufin yarda, kuma maganar "budurci" ba ita ce ma'auni ba. A tabbatar rahoton na ɗauke da kwanan wata, sunan likita, sa hannu da hatimi, a kuma ajiye kwafi.

Game da yaro, akwai abin da iyaye ba su cika sani ba. Sashe na 209 na dokar shaida ta 2011 ya ce yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba za a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai ba sai wata shaida ta mara mata baya. Rahoton asibiti, kayan da aka adana, maƙwabciyar da ta ga fitowarsa daga ɗakin, su ne marawar. Kada a yi ta titsiye yaro, wannan ya tambaya wancan ya tambaya, ana sa masa magana a baki. Wanda ya fara ji ya rubuta kalmomin yadda yaron ya faɗe su, da rana da lokaci. A kuma nemo shaidar shekaru: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi, ko rajistar makaranta. Ƙarar da aka gina kan cewa yarinya ba ta kai shekaru ba tana faɗuwa idan aka kasa tabbatar da shekarun.

Dukan wanda ake zargi ma ɓarna ce. Iƙirarin da aka karɓa da kulki a hannun 'yan sintiri, lauyansa zai sa kotu ta yi watsi da shi ƙarƙashin sashe na 29 na dokar shaida.

Daga caji ofis zuwa babbar kotu

Ana kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, daga nan a miƙa fayil sashen binciken manyan laifuka na jiha. Za a kai wanda ake zargi kotun majistare, amma majistare tsare shi kawai zai sa a yi, ba shi da hurumin sauraron laifin da ke da rai-da-rai. Fayil zai tafi ma'aikatar shari'a don shawarar lauyoyin gwamnati, sannan a shigar da tuhuma a babbar kotu. Wannan tsakanin shi ne ramin. Fayil na iya kwanciya wata da watanni, a yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, likita ya bar asibitin, a ba da beli, iyali su gaji da kuɗin mota. Maganinsa bibiya: a riƙe lambar fayil da sunan mai binciken, a nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, su riƙa tuntuɓa. Iyali ba sa buƙatar ɗaukar lauya mai gabatar da ƙara, gwamnati ce ke ƙara.

Kuma tun da gwamnati ce ke ƙara, uba ba shi da ikon janyewa. Mai unguwa, limami, Hisba ko DPO, babu wanda doka ta ba ikon sulhunta fyaɗe. Babban lauyan jiha kaɗai tsarin mulki ya ba ikon dakatar da shari'a, a sashe na 211. Kuɗin magani da aka karɓa, ko aurar da yarinyar ga wanda ya ɓata ta da sunan rufin asiri, ba sa goge laifin. Wanda kuma ya ƙone ko ya ɓoye kaya ko takarda da niyyar kashe bincike, sashe na 7 na VAPP na jiransa: ɗauri har shekara 3, ko tara har naira 500,000.

Idan mai laifin a gida ɗaya yake da wadda ya zalunta, ko yana aiko da barazana, akwai umarnin kariya a sashe na 28. Kotu na iya hana shi shiga gidan, ko zuwa makarantarta ko wurin aikinta, ko kiranta. Ba sai ita da kanta ta nema ba. Ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, jami'in walwala ko malaminta na iya nema a madadinta, kuma idan yarinya ce ba a buƙatar rubutacciyar yardarta. Umarnin yana aiki a ko'ina cikin Najeriya, karya shi kuma laifi ne mai zaman kansa.

Tsoron tonon silili a kotu shi ke hana mutane da yawa zuwa. Lauyan gwamnati na iya roƙon a fitar da 'yan kallo, a sakaya sunan yarinyar, ko ta ba da shaida a bayan labule ko ta bidiyo. Sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba da wannan dama a kotunan tarayya da na Abuja, jihohi kuma suna da makamanciyarta. Sashe na 39 na VAPP ya haramta wallafa abin da zai bayyana ko wace ce. Masu ɗora hoton yarinya da sunan unguwarsu a Facebook don nema mata adalci su lura da wannan: hoton zai daɗe yana yawo bayan an gama shari'ar, kuma duk bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa da ya saɓa da abin da ta faɗa wa 'yan sanda, lauyan wanda ake tuhuma zai ɗauko shi ya yi mata tambayoyi a kai.