Wa ya ce me a majalisa? Doka ta ba ka ikon tambaya

Duk lokacin da rigimar masarautu ta taso a majalisun shayi na Kano, sai ka ji kowa na cewa "ai doka ce ta ce". A 2019 majalisar jiha ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Karaye, a watan Mayun 2024 kuma ta soke dokar. Abin da akasarinmu muka gani shi ne sakamako. Wane ne ya kawo ƙudurin, wa ya mara baya, da wace hujja, wannan yana cikin kundin muhawarar majalisa, wato Hansad, da rahotannin kwamitoci. Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, rubutun dokar take bugawa, ba muhawarar da aka yi a kanta ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman irin waɗannan takardu daga hukumomin gwamnati, har da majalisa. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Ka rubuta wa magatakardan majalisa wasiƙa, ka ambaci dokar da ranar zaman da kake nufi, ka tabbata an buga wa kwafinka hatimin karɓa, don daga ranar ake fara ƙirga. Kwana 7 gare su su amsa, ana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa. In sun hana, dole su rubuto dalili, kai kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Kuɗin kwafi kawai za ka biya. Wanda bai iya rubutu ba, wani zai iya nema a madadinsa. An daɗe ana gardamar ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta ce ta hau a 2025.

Tsofaffin muhawarori kuwa sai an yi tattaki. Jihar Kano a 1967 aka kafa ta, kafin nan a zauren Lugard da ke Kaduna Majalisar Arewa take zama. Can aka zartar da kundin hukunta laifuka na 1959, can kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ba kowa ke iya furtawa ba a zamanin. Mai neman waɗannan ya nufi Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. A nan gida, ya fara da Gidan Ɗan Hausa da Mambayya, ya tafi da shekara da sunan dokar a rubuce.