Waiwaye: Wane Gari Ne "Layin Ƙasa Bai Kai Ba"?

Takaddamar da ake yi yanzu kan wa ke da ikon sa ido a harkar wutar lantarki a Najeriya, jihohi ko tarayya, ba yau ta faro ba. An kafa NEPA a 1972, dokar 2005 ta rarraba ta kuma ta samar da NERC, hukumar tarayya mai sa ido a harkar wuta, sannan a Nuwamban 2013 aka miƙa 10 daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wata 'yar jimla a kundin tsarin mulkin 1999. Ta ba majalisun jihohi ikon yin doka kan samarwa da rarraba wuta, amma a yankunan da babban layin ƙasa bai kai ba kaɗai. Kundin bai fayyace me ake nufi da "kaiwa" ba. A nan gizo ke saƙa.

Ɗauki ƙauyen da waya mai ƙarfin kilobolt 33 ta ratsa ta saman gonakinsa, amma ba a sauke masa taransifoma ba. Wuta ta kai ko ba ta kai ba? Ga kuma garin da falwayoyi ke tsaye, taransifomarsa ta ƙone shekara uku, masu niƙa da masu walda duk sun koma janareta. A takarda yana kan layi. Mai kuɗin da ya so zuba sola a wurin sai ya ja da baya, don bai san ranar da za a ce ya shiga gonar wani ba. Jihohi ma haka suka yi ta ɗari-ɗari.

Ƙa'idar da NERC ta fitar a 2016 kan ƙananan tashoshin da ke ba gari ko unguwa wuta ta ɗan rage matsalar: ta raba yankin da babu layin rarrabawa sam da wanda layin ke nan amma wutar ba ta wadatarwa, ta kuma taƙaita ƙarfin ƙaramar tasha ga megawat 1. Amma ƙa'ida ba ta fi kundi ƙarfi ba.

Sai a Maris 2023 aka goge wancan sharaɗi daga kundin, sabuwar dokar wuta ta biyo baya a Yuni. Enugu, Ondo da Ekiti na cikin jihohin farko da aka fara miƙa wa ikon sa ido a 2024. Gardamar ta koma kan wata iyakar: wutar da aka samar a wata jiha, ta bi layin ƙasa, aka sha ta a wata, wa zai yanke farashinta?