Ɗaure igiyar jigo a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska

Igiyar jigo ita ce wadda ake ja a ɗaga ƙyallen da iska ke turawa a jirgin ruwa, da ita kuma ake sauke shi. Tana tashi daga gindin jigon jirgin, wato doguwar sandar da ke tsaye tana riƙe da ƙyallen, ta ratsa wata 'yar ƙafa mai juyawa da ke can ƙoli, ta dawo ƙasa da ƙugiyar ƙarfe a bakinta, wadda ake maƙalawa a saman ƙyallen. A madatsun ruwan Katsina, irin su Zobe da Jibiya da Sabke, kwale-kwale masunta ke tuƙawa, don haka ba kasafai ake ganin jirgin ruwa mai tafiya da iska ba. Amma duk wanda ya ga yadda ake ɗaga tuta a filin makaranta ya ga irin wannan igiya tana aiki.

Matsalarta tana farawa ne bayan an sauke ƙyalle. Igiyar da aka bari sake, iska na kaɗa ta tana dukan jigo. In jigon na alminiyam ne, ƙarar kan hana maƙwabta barci a mashigin jirage, igiyar na tsinkewa zare-zare, jikin jigon kuma na gogewa. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙugiyar ta kuɓuce ta haye ƙoli. A ƙaramin jirgi sai an kwantar da shi gefe ɗaya ko an sauke jigon kafin a kamo ta, a babba kuwa sai an ɗaga mutum sama. Shi ya sa matuƙa ba sa sakin ƙugiyar daga hannu sai sun maƙala ta a wani wuri.

Wurin maƙalawar shi ne asirin aikin. Da yawa kan maƙala ta a gindin jigo su ja tamau, suna zaton sun gama, alhali igiyar da ke kwance a jikin jigo sai ta buga komai ƙarfin ja. Abin da ya dace, a kai ƙugiyar nesa da jigo, a maƙala ta a zoben gefen jirgi ko a ƙarshen sandar da ke riƙe ƙasan ƙyalle, sannan a ja ɗaya ɓarin. Wannan ɓarin da ke saukowa ta jikin jigo kan buƙaci a janye shi da guntuwar igiya zuwa wayar da ke tokare jigon. Robar tsohon tif, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur, tana yin aikin, sai dai rana na busar da ita da wuri.

Ana naɗa igiyar a maɗauri mai ƙaho biyu: zagaye ɗaya a gindi, sai a gitta kamar lamba 8, a kulle. Ragowar a naɗe ta a rataye, da ƙulli a wutsiya don kada ta zare.

In jirgi zai daɗe a ajiye, akan zare igiyar a bar siririya mai arha a madadinta, domin zafin rana da ƙura irin ta hunturu suna rage ƙwarin igiyar roba.