Mene ne karon ayon masu nauyi, kuma yaya yake nuna siffar cibiyar ƙwayar zarra?

Ɗalibin da ya yi fiziks a sakandare a nan Katsina ya saba ganin cibiyar ƙwayar zarra a zane, zagayayya mulmul. Da yawa daga cikinsu ba haka suke ba: wasu dogaye ne, wasu a baje. A kan bayanin wannan ne Aage Bohr da Ben Mottelson da James Rainwater suka sami kyautar Nobel a 1975.

Ayon mai nauyi ƙwayar zarra ce ta babban sinadari, irin su zinare da dalma da yuraniyom, wadda aka kwashe wa ilektiron har sai cibiyar ta rage ita kaɗai. A ɗakin bincike na Brookhaven da ke jihar New York a Amurka, na'urar RHIC mai zagayen kilomita 3.8 ta riƙa kora irin waɗannan ayon tun 2000, da gudun da ya kusa kamo na haske, sannan ta gwara su. Zafin karon kan kai digiri tiriliyan 4, sai furoton da nutiron da ke cikin cibiyar su narke su zama wani ruwa na kwak da guluwon, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi furoton da nutiron, ya bazu nan take.

To, ina maganar siffa, tunda an farfasa abin?

Ɗauki dogayen kankana biyu, irin waɗanda ake jibgewa a bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura. In sun yi karo kai da kai, wurin da suka haɗu ƙarami ne, zagayayye. In kuwa gefe da gefe ne, wurin kan yi faɗi da tsawo. Haka cibiyar yuraniyom 238 take, wato sinadarin nan da maƙwabtanmu ke haƙowa a Arlit. Karon kai da kai kan matse ruwan a ƙaramin wuri, sai ɓarɓashin ya fito da ƙarfi, kusan daidai ta kowane ɓangare. Na gefe da gefe kuwa ƙarfinsa bai kai haka ba, kuma ɓarɓashin kan fi karkata ta ɓangarori biyu. Karon kan auku cikin lokacin da bai isa cibiyar ta juya ba, don haka yadda take kwance a wannan ɗan lokaci shi ke bayyana.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar awon. Tawagar STAR, wato masu binciken da ke awon karon a RHIC, ta kwatanta miliyoyin karon yuraniyom da na zinare, wanda cibiyarsa ta kusa zama zagayayya. Nauyinsu ba shi da nisa, 238 da 197, saboda haka bambancin da aka gani galibi na siffa ne. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a Nuwamban 2024, kuma ya yi daidai da abin da tsofaffin hanyoyin awo suka nuna game da tsawon cibiyar yuraniyom.

A Yulin 2025, CERN, hukumar binciken fiziks ta Turai da ke iyakar Suwizalan da Faransa, ta gwara ayon na iskar oksijin da junansu, da na niyon da junansu, don a gwada dabarar a kan ƙananan cibiyoyi.